Ɗaukewar Al'ada, Abinci Da Ƙiba A Ƙauyukan Hausawan Dindir Da Jazira

Ɗaukewar al'ada ita ce tsayawar jinin haila baki ɗaya saboda shekaru. Likitoci ba sa tabbatar da ita sai mace ta yi wata 12 a jere ba ta ga jini ba, alhali ba ta da ciki, ba ta shayarwa, ba kuma wata cuta ce ta tsayar da shi ba. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, yawancin mata kan kai wannan gaɓa tsakanin shekara 45 da 55. Larabci na kiran lokacin sinnul ya'asi, wato shekarun fid da rai daga haihuwa, Bahaushiya kuwa takan ce wance ta manyanta, ko ta daina fashin salla. Kafin jinin ya tsaya cak yakan yi shekaru yana wasa, ya zo wannan wata ya tsallake biyu. A cikin waɗannan shekarun ne mata da dama ke lura zanen da a da yake zagaye ƙugu har da saura ya fara ƙaranci, ko da abin da ke cikin akushi bai canza ba.

Tushen canjin yana cikin ma'ajiyar ƙwan mace, wadda ke samar da sinadarin istirojin. Ban da tsara haila, wannan sinadari shi ke nuna wa kitse inda zai sauka. Muddin yana da yawa, jiki kan tara kitsensa a cinyoyi da ɗuwawu da ƙarƙashin fata, ya zama guzurin ciki da goyo. Da ya ja baya, sai kitsen ya sauya masauki ya koma cikin ciki, ya lulluɓe hanji, ya kwanta a hanta, kamar yadda yake yi wa maza masu tumbi. A daidai wannan lokaci tsoka ma na raguwa. Ita dama tun daga shekara 30 take zaizayewa a hankali, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara 10, sai ɗaukewar al'ada ta ƙara mata sauri. Tsoka kuwa ita ce murhun jiki, a cikinta ake ƙona yawancin sukarin da ya shiga jini bayan cin abinci.

Wani dogon bincike da ake kira SWAN, wanda aka fara ɗaukar mata cikinsa a Amurka a 1996, ya bi mata 3,302 ana auna su shekara bayan shekara. Ya nuna cewa mace mai matsakaicin shekaru kan ƙara wajen kilo 2 cikin shekara 3, ko al'adarta ta ɗauke ko ba ta ɗauke ba. Ƙarin nauyin, ke nan, na shekaru ne da raguwar motsi. Abin da ɗaukewar al'ada ke yi daban shi ne sauya kayan da jikin ya ƙunsa: rahoton masu binciken na 2019 ya nuna saurin taruwar kitse na ninkawa da zarar haila ta fara rikicewa, tsoka na sauka, kuma hakan na ci gaba har wajen shekara 2 bayan jinin ƙarshe. Tunda ɗaya na hawa ɗaya na sauka, sikeli na iya nuna kilo ɗin da aka saba gani alhali jikin ya canza. Wani binciken da mujallar Science ta buga a 2021, a kan mutum sama da 6,400 daga ƙasashe 29, ya gano cewa idan aka yi la'akari da girman jiki da yawan tsoka, ƙarfin ƙona abinci ba ya wani sauka tsakanin shekara 20 da 60. Don haka zancen cewa jikin mace 'yar shekara 50 ya daina ƙona abinci, ko ruwa ta sha sai ta yi ƙiba, akwai ƙarin gishiri a cikinsa.

Lissafin yana da ban mamaki saboda ƙanƙantarsa. Kilo ɗaya na kitsen jiki na ɗauke da kalori wajen 7,700. Rabin kilo a shekara, idan aka raba shi a kan kwanaki 365, bai kai kalori 11 a rana ba, ƙaramin cokali ɗaya na sukari kuwa kalori 16 ne. Rarar da ba ta cika cokali ba ita ke taruwa ta zama kilo 5 cikin shekara 10, shi ya sa mai ita ke rantsuwa ba ta ƙara cin komai ba, kuma gaskiyarta.

Kitsen ciki ya fi na cinya haɗari saboda ba ya kwanciya shiru. Yana sakin mai da wasu sinadarai kai tsaye cikin jijiyar da ke kai jini hanta, yana sa jiki ya daina jin maganar insulin, sinadarin da ke shigar da sukari cikin tsoka. Daga nan ciwon sukari ke samun ƙofa, hawan jini da toshewar jijiyoyin zuciya su biyo baya. Kariyar da istirojin ke ba jijiyoyin mace a ƙuruciya ta riga ta janye. A Sudan, ƙasar da Dindir da Jazira suke, wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta 2021 ta sanya ƙasar cikin waɗanda cutar ta fi yawa a nahiyar Afirka.

Hausawan da ke gaɓar Shuɗin Nilu da kogin Dindir jikokin mahajjata ne da manoma da masu hijira. Garin Mai Wurno da ke kudu da Sinnar ya samo sunansa daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Shi Mai Wurno ne ya ja jama'a zuwa gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, sai ƙarin mutanen Afirka ta Yamma suka zauna a ƙauyuka da sansanonin leburori da ake kira kambo. Rayuwar da matansu suka gada ta aikin ƙarfi ce: tsinkar auduga, cirar gyaɗa, noman kayan lambu a bakin kogi idan ruwa ya ja baya, sussuka, daka, ɗebo itace. Kogin Dindir, da ke gangarowa daga tsaunukan Habasha, yakan tsinke da rani ya bar tafkuna nan da can, ɗebo ruwa ya zama tafiya. Macen da ke wannan aiki tana ƙone duk abin da ta ci.

Sai dai shekarun ɗaukewar al'ada sun zo daidai da shekarun da mace ke samun hutu. 'Ya'yanta maza sun yi aure, surukai sun shigo gida. Ta miƙa hannu za ta ɗauki taɓarya, sai a ce, "Inna, ki bari, ni zan yi." Ta tashi za ta je rafi, jika ya riga ya ɗaura wa jaki amalanke. Injin niƙa ya karɓe aikin dutsen niƙa, kasuwar da ake takawa da ƙafa yanzu raksha ke kai mutum. Wannan girmamawa ce da tarbiyya, ba wanda zai so a rasa ta, amma a wurin jiki sakamakonta shi ne an rage itacen da murhu ke ci ba a rage wanda ake jibga masa ba. Uwar gida ta koma kan angarib, gadon igiyar nan na Sudan, baƙi na shigowa, kowane baƙo da shayinsa, ita kuma ba ta barin baƙo ya sha shi kaɗai. Tobin da matan Sudan ke naɗawa, mai tsawon sama da mita 4, yana rufa wa tumbi asiri na shekaru. Idan ma an lura, yabo ake yi: ta yi jiki, ta murje, hutu ya karɓe ta.

Abincin gargajiya na yankin ba shi ne abokin gaba ba. Kisra ana yin ta ne da ƙullun dawa da aka bari ya kwana ya yi tsami. Mai yi takan zauna a kan ƙaramar kujera gaban faffaɗan kaskon da ake kira doka, ta zuba ƙullu da ɗan ƙoƙo, ta baje shi da gargariba, wani ɗan yankin kaba, cikin ƙiftawar ido ta ɗaye shi siriri kamar takarda. Dawar da aka niƙa da dusarta tana da harza mai riƙe ciki, mai hana sukari yin tsalle a jini. Haka asida da tuwon dawa ko na gero. Miyar busasshiyar kuɓewa, wadda Larabawan wurin ke kira weka, da lalo da kuka da yakuwa duk abin so ne. Inda matsala ke shigowa shi ne yawan malmala a kan ƙarancin miya, da kuma burodin farar fulawa da ya fara ture kisra a garuruwa irin su Wad Madani da Sinja, saboda ya fi sauƙin samu kuma ba ya buƙatar itace. Farar fulawa an cire mata dusa, tana narkewa da wuri, yunwa ta dawo da wuri.

Babbar ƙofar rara kuwa ita ce kofi. Sudan ƙasar rake ce, tana da masana'antun sukari a Junaid da Sinnar da Asalaya da Kenana, kuma shayin da ba a cika masa sukari ba ana ɗaukarsa rowa ce ga baƙo. Ana buɗe gari da shayin madara, sau da yawa tare da zalabiya da aka tsamo daga mai aka barbaɗe da sukari. Bayan karin kumallon hantsi a sha jan shayi. Da rana mata su haɗu a gidan ɗaya daga cikinsu a soya gahawa, a daka ta da citta, a dafa a tulun jabana, a zagaya da ƙananan finjali sau biyu ko uku. Da magariba a sake shayin madara. A ɗauka mace ta sha kofi 4 na shayi, kowanne da cokali 3, da finjali 3 na gahawa, kowanne da cokali 1. Cokali 15 ke nan, giram 60, kalori 240, ba ta tauna komai ba tukuna. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2015 ita ce kada sukarin da ake zubawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincin yini, wajen cokali 12 ga babban mutum, kuma in an tsaya a cokali 6 ya fi. Sukarin da aka sha a ruwa ba ya ƙosarwa sosai, saboda haka kaɗan yake ragewa daga abincin da za a ci bayansa. Harshe kuwa yana sabo: wadda ta rage rabin cokali a kowane mako biyu, cikin wata biyu zuwa uku shayin da take sha a da zai gundure ta. Wannan gyara ɗaya ya fi duk wani ganye ko garin rage ƙiba da ake tallatawa amfani, kuma kuɗi yake ajiyewa a gida.

Mai shi ne na biyu. Yankin Sinnar da Gadarif gidan riɗi ne da gyaɗa, kuma man riɗi da man gyaɗa sun fi man shanu da kitsen dabba kyau ga jijiyoyin jini. Amma kowane irin mai, babban cokali ɗaya kalori 120 ne. Kwanon ful da aka kwarara wa man riɗi har waken ya nutse ya ninka nauyinsa a jiki. Hausawan Sudan sun yi suna da sana'ar gyaɗa da agashe, naman nan mai ƙuli da yaji da sunansa ma Hausa ne, kuma tunkuzar gyaɗa da ake kira dakwa tana shiga salatin tumatir da miya. Gyaɗa abinci ce mai gina jiki, sai dai giram 100 nata ya haura kalori 550, don haka mai soya ta don sayarwa da ke jefa 'yan ƙwayoyi a baki tun safe tana iya cin abincin rana guda ba ta sani ba. Cikin tafin hannu ɗaya a yini ya wadatar. Madidar hulba, kunun nan mai kauri da madara da sukari da man shanu, an tsara ta ne don amarya da mai jego su yi jiki. Kakar da ke dama wa 'yarta mai jego ta kuma sha nata kofin kullum har kwana 40 ta ɗauki kayan da ba nata ba. Godogodo, ɗan'uwan fura da nono, yana da kyau in an sassauta masa sukari.

Akwai kuma ƙwayoyin sa ƙiba, waɗanda a ƙasar Hausa ake wa laƙabi da sha-ka-fashe, kuma ana sayar da irinsu a kasuwannin Sudan. Yawancinsu dekzametazon ne ko maganin ƙaiƙayi mai buɗe ciki. Dekzametazon na kumbura fuska da ciki, yana tayar da sukari da hawan jini, yana cinye ƙashi. Ga macen da al'adarta ta ɗauke, wannan ƙara wa wuta fetur ne. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke shi rana ɗaya, domin yankewar kwatsam na iya kayar da mutum. Likita ne ke rage shi mataki-mataki.

Rage ƙiba a wannan shekaru ba ya nufin zama da yunwa. Yunwa tsoka take fara ci, kuma tsokar ce ake son a tsare. Abin da jiki ke nema shi ne abinci mai gina tsoka a kowane zama: wake, ful, adas, ƙwai, nono, kifi. Masuntan Hausawa na Shuɗin Nilu na kamo karfasa da tarwaɗa, busasshen kifin da ake kira kajek kuma yana ajiyuwa ya kai damina. A al'adar gidaje da yawa tsokar nama ta maigida ce da baƙi, uwar gida ta ƙare da romo da ƙanzo bayan kowa ya tashi, kuma wannan rabo yana cutar da ita fiye da yadda ake zato. Tsari mai sauƙin riƙewa shi ne rabin abin da mace za ta ci ya zama ganye da kayan lambu, kwata ya zama wake ko kifi ko nama, sauran kwatan kisra ko tuwo. Da yake a tire ɗaya ake haɗuwa, ba a iya auna wannan da faranti, amma mai ci ta san yawan fallen kisra da ta jawo gabanta.

Ƙashi ma yana cikin lissafi. A 'yan shekarun da ke kewaye da jinin ƙarshe mace kan yi asarar wajen kashi 2 cikin 100 na ƙarfin ƙashinta a kowace shekara, abin da kan fito daga baya a matsayin ranƙwafawar baya ko karayar ƙugu daga ƙaramar faɗuwa. Macen da ta haura 50 na buƙatar miligiram 1,200 na kalsiyam a rana, kofi ɗaya na madara kuwa na ba da kimanin 300. Nonon da ake kira rob, garin kuka, zogale, riɗin da ba a cire wa ɓawo ba da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu suna cike giɓin. Jiki ba ya amfana sosai da kalsiyam sai da bitamin D, wanda fata ke samarwa idan rana ta taɓa ta. Rana ba ta ƙaranci a Dindir, amma macen da ke wuni a ɗaki, in ta fita kuma ta rufe ko'ina, tana iya rasa shi. Ɗan zama a tsakar gida da hantsi, hannuwa a buɗe, yana taimakawa.

Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano da farin cuku da kifin gishiri. Zoɓo, wanda Sudan ke kira karkade, an gwada shi an ga yana ɗan sauke hawan jini, amma ba ya maye gurbin maganin asibiti, kuma wanda aka cika wa sukari ya bayar da dama ya karɓe da hagu. Haka ruwan tsamiya da na 'ya'yan kuka. A watan azumi, lokacin da ake shimfiɗa tabarmi a bakin hanya ana buɗa-baki da hilu-mur da sauran kayan sha masu zaƙi, wasu kan fito daga Ramadan da nauyin da ya fi wanda suka shiga da shi. Dabino kaɗan, ruwa, da balila ta dafaffen wake sun fi sauƙi ga jiki kafin a kai ga asida.

Game da motsi, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a 2020 shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na aikin da ke ɗaga numfashi, da kwana 2 na aikin da ke ƙarfafa tsoka. A ƙauye wannan ba ya buƙatar wani wuri na musamman. Tafiyar minti 30 kullum da sassafe ko bayan la'asar zuwa gona ko gidan 'yar'uwa ta biya na farko. Daka, ɗaukar bokitin ruwa, shara da tashi daga tabarma ba tare da dafa ƙasa ba sun biya na biyu. Gwiwar da ke ciwo ma ta fi samun sauƙi da tafiya a hankali fiye da zama, kuma kowane kilo da aka sauke yana rage mata nauyin kilo da yawa a kowane taku. Barci na da nasa hannu. Zafin da ke taso wa mace kwatsam daga ƙirji zuwa fuska, da gumin dare, kan hana ta barci, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, kuma wanda bai yi barci ba yakan tashi da kwaɗayin zaƙi. Gahawar yamma da shayin dare na ƙara tsananta duka biyun. Idan abin ya yi tsanani akwai maganin mayar da istirojin da likitan mata ke rubutawa bayan ya duba tarihin lafiyar mace. Ba ya sa ƙiba, amma ba kowa ya dace da shi ba, kuma ba maganin rage nauyi ba ne.

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya kai Wad Madani a Disambar wannan shekara, ya kai Sinja da Dindir a tsakiyar 2024, ya tarwatsa kasuwanni da asibitoci da gonaki. A gidaje da yawa damuwar ita ce samun abin da za a ci, kuma babu mai hankalin da zai ce wa wadda ta rame ta rage abinci. Sai dai tsada na tura mutane ga abin da ya fi arha da cika ciki, wato fulawa da shinkafa da shayi mai sukari, ta raba su da nono da kifi da ganye. Irin wannan ci na iya haɗa wa mace siraran hannuwa da ƙafafu da tumbi a gaba, ga ƙarancin jini, ga sukari. Inda kuɗi ya yi kaɗan, abin da aka rage daga sukari aka sayi wake ko adas da shi ya fi riba.

Auna kai ba ya buƙatar sikeli. Awon tela ya isa: a zagaya shi a tsakiyar tazarar da ke tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan an saki numfashi. Ga mace, santimita 80 alama ce ta fara hattara, 88 kuma haɗari ne bayyananne. Inda babu awo, a yanki igiya daidai tsawon mace daga ƙafa zuwa kai, a ninka ta biyu. In ba ta zagaye cikin ba, kitsen ya yi yawa. Sauke kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki, wato kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 80, yana taimakawa wajen sauke sukari da hawan jini, kuma rabin kilo a mako shi ne saurin da jiki ke ɗauka ba tare da ya ci tsokarsa ba.

Ba kowace ƙiba ce ta abinci ba. Nauyin da ya hau cikin 'yan makonni tare da kumburin ƙafa ko haki na iya zama na zuciya ko ƙoda. Ƙiba da kasala da jin sanyi da bushewar fata na iya nuna raunin ƙullin wuya da ke haddasa maƙoƙo. Cikin da ke girma da saurin ƙoshi, ko rama ba dalili da yawan ƙishi da fitsari, duk na asibiti ne. Jinin da ya dawo bayan an yi shekara guda ba a gan shi ba, ko ɗigo ne, ba haila ba ce, kuma ya wajaba likita ya duba shi da wuri. Duk macen da ta haura 45, ko tana jin lafiyarta ƙalau, ta nemi a gwada mata hawan jini da sukari aƙalla sau ɗaya a shekara a cibiyar lafiya mafi kusa da ke aiki.